RA'AYIN JARIDA: Tiyatar rage ƙiba da lambar izinin inshora: A rubuta ƙa'ida kowa ya gani

Kasuwar Katako da ke Jos ta Arewa ta yi suna da katako da hatsi da kayan gwanjo, har baƙo zai ɗauka duk wanda ke kwana a kewayenta ɗan kasuwa ne ko ɗan dako. Amma a layukan da ke bayan rumfunan akwai gidajen ma'aikatan Gwamnatin Tarayya, waɗanda ke sammako zuwa Jami'ar Jos, ko hedikwatar Asusun Horas da Ma'aikatan Masana'antu, ITF, ko Hukumar Fina-finai ta Najeriya, wasu ma har Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi da ke Vom ko Cibiyar Nazarin Manufofi da ke Kuru. Kowannensu an yi masa rajista a shirin inshorar lafiya na ma'aikata, an kuma ba shi tabbacin cewa ranar da ciwo ya ƙwanƙwasa ƙofa ba zai tsaya shi kaɗai ba.

A ƙaddara ɗaya daga cikinsu mace ce, akawu a wani ofishi, shekarunta 46. Tsawonta mita 1.6, nauyinta kilo 105. Ciwon suga ya kai ta ga allurar insulin, hawan jini ya ƙi sauka duk da ƙwayoyi kala uku, gwiwoyinta ba sa yarda ta hau bene, da dare kuma numfashinta yana ɗaukewa cikin barci. Ta rage tuwo, ta bar lemon kwalba, ta yi tattaki da asuba wata da watanni. Nauyin ya sauka kaɗan, ya dawo har da riba. Daga ƙarshe ƙwararren likita ya zaunar da ita, ya ce mata akwai tiyatar da ake yi wa masu irin halinta, kuma tana cikin waɗanda ya kamata a duba. Daga wannan rana matsalarta ta tashi daga hannun likita ta koma hannun takarda.

Yadda aka gina shirin shi ne ya sa haka. Dokar da ta kafa shi ta fito a 1999, aka ƙaddamar da shi a watan Yunin 2005 zamanin Shugaba Olusegun Obasanjo, aka kuma fara da ma'aikatan tarayya. A takarda, gwamnati za ta zuba kashi 10 cikin 100 na ainihin albashi, ma'aikaci ya zuba kashi 5, inshorar kuma ta ɗauki ma'aikaci da abokin aurensa da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. Ƙananan lalurori kamar zazzaɓi da ciwon ciki ana duba su kai tsaye a asibitin da mutum ya zaɓa, domin ana biyan asibitin wani ƙayyadadden kuɗi a kan kowane mai rajista. Amma duk abin da ya kai ga ganin ƙwararren likita, ko babban gwaji, ko tiyata, sai asibiti ya nemi lambar izini daga kamfanin da ke dillancin inshorar, wato HMO. Idan lamba ba ta fito ba, aiki ba ya tafiya.

Wannan lamba ta daɗe tana cinye wa ma'aikata yini a kan bencin asibiti. Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa, NHIA, wadda ta gaji tsohuwar NHIS bayan Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar doka a watan Mayun 2022, ta amince da cewa ƙorafin gaskiya ne. Ƙarƙashin jagorancin Dakta Kelechi Ohiri, ta ba da umarnin cewa daga 1 ga Afrilun 2025 kowane kamfani ya amsa buƙatar izini cikin awa ɗaya, idan ya ƙi ya faɗi dalili, lalurar gaggawa kuma a fara magani ba tare da jiran lamba ba. Ta kuma sanar da cewa ta hukunta asibitoci 49 da kamfanonin HMO 47 kan ƙorafe-ƙorafen shekarar 2024. Waɗannan matakai sun cancanci yabo, kuma duk wanda ya taɓa kwana da majiyyaci yana jiran saƙon waya ya san darajarsu.

Sai dai umarnin awa ɗaya ya yi maganin jinkiri ne kawai. Akawun Katako za ta iya samun amsa cikin minti arba'in, amsar ta zama "ba a biya", ta koma gida da ciwonta kamar yadda ta zo. Kundin ƙa'idojin shirin ya lissafa abubuwan da inshora ba ta ɗauka, kuma tiyatar kwalliya tana cikinsu. Hakan daidai ne, domin babu hujjar a ɗauki kuɗin jama'a a gyara wa wani hanci ko a ƙara wa wata ƙugu. Haɗarin shi ne a duk inda babu rubutacciyar ƙa'ida da likita da majiyyaci za su ɗaga su nuna, jami'in da ke zaune gaban kwamfuta, da zarar ya ga kalmar "rage ƙiba", zai jefa buƙatar cikin kwandon kwalliya. A takardun inshora masu zaman kansu, a gida da ƙetare, an saba ganin maganin ƙiba a jerin abubuwan da aka ware, kusa da gyaran fuska da dashen gashi.

Ruɗanin yana da tarihi a ƙasar nan. 'Yan Najeriya da yawa sun fara jin labarin tiyatar da ta shafi kitse ne a ranar baƙin ciki, 23 ga Oktoban 2005, lokacin da uwargidan shugaban ƙasa, Stella Obasanjo, ta rasu a yankin Marbella na ƙasar Sifaniya bayan tiyatar zuƙe kitse, lamarin da ya kai ga kotu ta hukunta likitan a 2009. Tun daga nan, a kunnen jama'a, duk tiyatar da aka ambaci ƙiba a cikinta ta zama harkar masu kuɗi da neman kyan jiki. Alhali ayyuka biyu ne da ba su haɗa hanya ba. Zuƙe kitse aiki ne da ake yi a ƙarƙashin fata don gyaran siffa, ba ya warkar da ciwon suga, ba ya saukar da hawan jini. Tiyatar rage ƙiba kuwa a kan tumbi da hanji ake yin ta, don a sauya yadda jiki ke karɓar abinci da sarrafa shi.

Iri biyu ne suka fi yawa a duniya a yau. A na farko ana yanke kusan kashi huɗu cikin biyar na tumbi, a bar shi siriri kamar hannun riga. A na biyu ana ware ɗan ƙaramin aljihu a saman tumbi, a haɗa shi da hanji kai tsaye, abinci ya riƙa tsallake wani ɓangare na hanyarsa. Wani likitan Amurka, Edward Mason, shi ya fara irin wannan aiki don rage ƙiba a shekarun 1960. Yanzu akasari ta ƙananan huji ake yi, da na'ura mai kyamara, ba tare da tsaga ciki ba. Amfanin aikin ya wuce rage girman cin abinci. Yana sauya sinadaran da hanji ke fitarwa, waɗanda ke da hannu a jin yunwa da ƙoshi da aikin insulin, shi ya sa sukarin jinin wasu majiyyata ke daidaita cikin kwanaki, tun kafin nauyi ya fara sauka sosai.

Hujjar kimiyya a kan wannan ta taru shekara da shekaru. Wani dogon bincike da aka fara a ƙasar Suwidin a 1987, wanda ya bi sawun mutum fiye da 4,000, ya ba da rahoto a 2007 cewa mace-mace sun ragu da kusan kashi 29 cikin 100 a tsakanin waɗanda aka yi wa tiyata, idan aka kwatanta da takwarorinsu da aka bari a kan kulawar da aka saba. Wani gwaji da aka yi a asibitin Cleveland na Amurka ya nuna a 2017 cewa, bayan shekara biyar, masu ciwon suga da aka yi wa tiyata sun fi waɗanda aka bari a kan magani kaɗai samun daidaiton sukari. A 2016 manyan ƙungiyoyin ciwon suga na duniya suka amince da sanya tiyata cikin hanyoyin maganin ciwon suga nau'i na biyu ga masu ƙiba mai tsanani. Tun a 2013 Ƙungiyar Likitocin Amurka ta ayyana ƙiba a matsayin cuta.

Ƙasashen da suka karɓi wannan hujja ba su buɗe ƙofa ga kowa ba, ma'auni suka kafa. Ana raba nauyin mutum a kilo da tsawonsa a mita sau kansa, a sami lambar da ake kira BMI. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ɗaukar 25 a matsayin farkon nauyin da ya wuce kima, 30 kuma farkon ƙiba. Akawun da aka yi misali da ita tana kan 41. A 1991 Cibiyoyin Lafiya na Amurka suka tsayar da cewa a duba yiwuwar tiyata ga mai 40 zuwa sama, ko mai 35 da ke da wata babbar cuta da ƙibar ta haifar. A 2006 shirin inshorar tsofaffi na gwamnatin Amurka, Medicare, ya amince da biyan kuɗin aikin ga mai 35 zuwa sama da ke da irin wannan cuta, idan an gwada wasu hanyoyi ba a dace ba. Hukumar lafiya ta Ingila ma tana yin aikin bisa sharuɗɗa makamantan waɗannan. A 2022 ƙungiyoyin likitocin wannan fanni suka sassauta ma'aunin zuwa 35 ga kowa, da 30 ga mai ciwon suga da makamantansa.

Akwai darasi na biyu daga Amurka, wanda ya kamata a guje masa. Kamfanonin inshora da dama a can sun amince da biya a takarda, sannan suka cika hanya da ƙaya: a kawo shaidar bin tsarin abinci ƙarƙashin kulawar likita na wata uku zuwa shida a jere, idan aka tsallake wata ɗaya a koma farko, a kawo tarihin nauyi na shekaru, a sake cike takardu. Ƙungiyar likitocin tiyatar ƙiba ta ƙasar ta fito fili a 2016 ta ce babu hujjar kimiyya da ke nuna tilasta rage nauyi kafin tiyata, irin wanda kamfanonin inshora ke gindayawa, yana inganta sakamako. Abin da yake haifarwa shi ne jinkiri da gajiyar da majiyyata har su haƙura. Shirya majiyyaci kafin tiyata wajibi ne, amma likitoci ne za su tsara shi gwargwadon halin kowane mutum.

Masu adawa da sanya wannan tiyata cikin inshorar ma'aikata suna da magana mai nauyi, kuma bai dace a yi watsi da ita ba. Suna cewa asusun ƙarami ne, buƙatu kuwa sun fi ƙarfinsa. Ƙasa ce da mata ke mutuwa wajen haihuwa don rashin kuɗin tiyata, zazzaɓin cizon sauro ke kashe yara, kuma fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kiwon lafiya daga aljihun mutane yake fita. Alƙawarin Abuja na 2001, na ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi ga lafiya, har yau Gwamnatin Tarayya ba ta cika shi ba. Tiyata ɗaya ta rage ƙiba tana cin miliyoyin naira, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake naira 70,000 tun daga Yulin 2024. Da wane ido za a dubi talaka, in ji su, a ce an kashe kuɗin haihuwar mata da yawa a kan tumbin mutum ɗaya?

Amsar ita ce asusun ya riga ya fara biyan kuɗin ƙiba, ta ƙofar baya yake biya. Shi ke biyan kashi 90 cikin 100 na kuɗin magungunan suga da hawan jini kowane wata, mai rajista ya cika kashi 10. Shi ke biyan kwanciya idan sukari ya haura, da wanke gyambon ƙafa, da yanke ƙafar idan ta ruɓe, da jinyar shanyewar ɓarin jiki. Ciwon suga da hawan jini suna sahun gaba cikin abubuwan da ke kashe ƙoda, kuma a 2025 Gwamnatin Tarayya da kanta ta sanar da tallafin da ya saukar da kuɗin wankin ƙoda daga naira 50,000 zuwa 12,000 a wasu asibitocinta. Mai wankin ƙoda yana buƙatar zama biyu zuwa uku a kowane mako, har ƙarshen rayuwa ko har a yi dashe. Ban da wannan, akwai ranakun aiki da ke salwanta, da ritayar dole, da marayun da ake bari. Kowa ya ƙi sharar masallaci zai yi ta kasuwa.

Wannan ba ya nufin tiyata za ta fi araha a kan kowane mutum. Yana nufin tambayar lissafi ce, kuma hukumar tana da masana lissafin inshora da za su iya amsa ta. Da irin wannan nazari ne aka kai ga ƙarin da aka sanar a farkon 2025, na kashi 93 cikin 100 a kuɗin da ake biyan asibitoci kan kowane mai rajista, da kashi 378 cikin 100 a kuɗin manyan ayyuka. Hukumar da ta iya wannan lissafi za ta iya ƙididdige masu rajista nawa ne suka kai ma'aunin 40, ko 35 tare da ciwon suga, nawa ake kashewa a kansu a shekara, kuma nawa za a kashe idan aka yi wa waɗanda suka fi tsananin buƙata aiki. Tsarin raba kuɗi ma ba baƙo ba ne a shirin, domin da ma akwai manyan gwaje-gwajen hoto da inshora ke biyan wani kaso, majiyyaci ya biya saura.

Wajibi ne kuma a faɗi ɗacin aikin. Tiyata ce babba. A cibiyoyin da suka ƙware, haɗarin mutuwa bai kai mutum ɗaya cikin 200 ba, kusan daidai da na cire maɗaciya, amma wannan adadi na ƙwararrun hannu ne. Ɗinki na iya yoyo, jini na iya zuba, gudan jini na iya toshe huhu. Wanda aka yi wa zai riƙa shan bitamin da sinadarin ƙarfe da na ƙashi har ƙarshen rayuwarsa, zai riƙa gwajin jini a kai a kai, zai sake koyon cin abinci kamar yaro, mace kuma za ta jinkirta ɗaukar ciki na aƙalla shekara guda. Wasu nauyin yana dawo musu bayan shekaru. Saboda haka izinin da zai biya kuɗin yanka kaɗai, ya bar majiyyaci da ɗawainiyar bibiya, rabin izini ne, kuma yana iya zama cutarwa.

Rashin ƙa'ida bai hana mutane nema ba, ya dai tura su inda babu mai sa ido. Masu hali suna zuwa asibitoci masu zaman kansu a Legas da Abuja, wasu su ci bashin ƙungiyar adashen ofis su tafi Indiya ko Turkiyya ko Masar, a yi musu aiki, su dawo cikin kwanaki kaɗan ba tare da likitan da zai bi su ba. Idan matsala ta taso, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo ko Babban Asibitin Ƙasa da ke Abuja ne za su karɓe su cikin dare, kuma asusun nan da ya ƙi biya da farko shi za a kai wa takardar kuɗi. Marasa hali kuwa suna komawa ga shayin rage tumbi da ake talla a Facebook da TikTok, da haɗe-haɗen da babu wanda ya san abin da ke cikinsu. An gudu daga gara an faɗa wa zago.

Al'ada ma tana da nata kason. A ƙasar Hausa an daɗe ana karanta ƙiba a matsayin alamar hutu da wadata. Amarya idan ta yi jiki a ce miji ya iya kiwo, ma'aikaci idan ya aje tumbi a ce kujera ta karɓe shi, har 'yan mata na shan ƙwayoyin da ake kira sha-ka-fashe don su ciko. Amma idan ƙibar ta wuce iyaka, bakin da ya yaba shi ne zai koma zargi, a ce kwaɗayi ne da lalaci. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 28 cikin 100 na matan Najeriya 'yan shekara 15 zuwa 49 suna da nauyin da ya wuce kima ko ƙiba, a daidai lokacin da kashi 37 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara biyar suka tsumbure saboda ƙarancin abinci mai gina jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mutum ɗaya cikin takwas a duniya yana fama da ƙiba. Cutar da ta yaɗu haka ba a gama bayaninta da kalmar kwaɗayi.

Don haka akwai abubuwa biyar da suka rataya a wuyan NHIA da Ma'aikatar Lafiya ƙarƙashin Farfesa Muhammad Ali Pate. Na farko, a fitar da rubutacciyar matsaya da ta raba tiyatar rage ƙiba da tiyatar kwalliya, a wallafa ta da harsunan da ma'aikata ke ji, har da Hausa. Ko da matsayar ita ce asusun ba zai iya biya a yanzu ba, a faɗa a sarari tare da alƙaluman da aka dogara da su, a kuma sa ranar sake dubawa. Ma'aikaci ya san inda ya tsaya ya fi masa yawo tsakanin ofisoshi uku.

Na biyu, a kafa ma'auni na likitanci, a fara da waɗanda suka fi tsananin buƙata, kamar mai 40 zuwa sama, ko mai 35 da ciwon suga ya gagari magani, a gwada da ƙayyadadden adadi a shekara bisa tsarin raba kuɗi, a kuma wallafa sakamakon. Na uku, hukuncin cancanta ya zama na kwamitin likitoci a asibitin koyarwa, wanda ya ƙunshi likitan tiyata da likitan ciwon suga da masanin abinci da likitan ƙwaƙwalwa. Aikin kamfanin HMO ya tsaya ga tabbatar da rajista da biyan kuɗi. Na huɗu, a tantance cibiyoyi ƙalilan da ke da ƙwararru da ɗakin kulawa ta musamman, aƙalla ɗaya a kowace shiyya, a taimaka wa asibitocin koyarwa irin na Jos da Zariya da Kano su horas da likitoci, kada mutumin Filato ya zama sai ya sayar da fili kafin ya isa inda ake aikin. Na biyar, duk ƙin amincewa ya zo a rubuce, da sunan likitan da ya duba buƙatar, da sashen ƙa'idar da aka dogara da shi, da hanyar ɗaukaka ƙara mai wa'adi.

Wannan ƙa'ida za ta yi amfani fiye da batun tiyata. Sababbin allurai na rage ƙiba, irin Wegovy da Amurka ta amince da ita a 2021, sun riga sun shigo hirar ofisoshi, suna da tsada, kuma nauyi yakan dawo idan aka daina su. Ba da jimawa ba buƙatunsu za su cika teburan kamfanonin inshora. Idan babu ma'auni, mai uwa a gindin murhu zai samu, wanda ya fi shi buƙata ya rasa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

A nan ne maganar ta shafi masu karatu kai tsaye, musamman mataimaka na musamman da hadiman 'yan majalisa da daraktocin da ke rubuta takardun da shugabanni ke sa wa hannu. An san yadda ake warware irin wannan matsala a Abuja: a buga wa wane waya, lamba ta fito kafin la'asar. Wannan hanya tana ceton mutum ɗaya, ta bar dubbai a kan benci, kuma ita ce ke sa manya ba sa jin zafin tsarin balle su gyara shi. A watan Satumban 2025 Shugaba Bola Tinubu ya ba da umarnin cewa dukkan ma'aikatu da hukumomi su sanya ma'aikatansu cikin inshorar. Wanda aka tilasta wa shiga yana da haƙƙin sanin abin da ya shiga. Kwamitocin lafiya na Majalisar Dattawa da ta Wakilai, da ƙungiyoyin ƙwadago da ke da wakilci a harkar, suna da hurumin kiran hukumar ta yi bayani a zaman jin ra'ayin jama'a.

Kafin a kai ga haka, ma'aikacin da ya sami kansa a wannan hali yana da abin yi. Ya bi ta asibitinsa na farko ya karɓi takardar turawa zuwa ƙwararre, ya adana sakamakon gwaje-gwajensa da tarihin nauyinsa da jerin magungunan da ya sha, ya nemi likita ya rubuta buƙatar da sunan cututtukan da ake son magancewa, ya rubuta rana da lokacin da aka aika ta. Idan aka ƙi, ya nemi dalili a rubuce, ya kai ƙorafi ofishin NHIA na jiharsa, ya kuma sanar da jami'in da ke kula da inshora a ma'aikatarsa. Ko ba a biya kuɗin tiyatar ba, ganin likitan suga da na zuciya da gwaje-gwajen da suka shafi cututtukansa haƙƙinsa ne, kada ƙin abu ɗaya ya sa ya bar sauran.

Sauran mutanen Katako, masu yankan katako da masu awon masara da dillalan gwanjo, akasarinsu ba su da ko katin da za a ƙi amincewa da shi. Hukumar inshorar lafiya ta Jihar Filato, PLASCHEMA, da aka kafa a 2019, ita ce ƙofar da aka buɗe musu, kuma abin da ya fi yi musu amfani shi ne awon jini da na sukari a kusa da rumfa, da magani mai araha, tun icce yana ɗanye. Harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon zaƙi da Dokar Kuɗi ta 2021 ta kawo ya kamata a ga amfaninsa a irin wannan aiki. Rigakafi ya fi magani, babu jayayya. Amma wanda rigakafi ya riga ya wuce shi, kamar akawun nan mai kilo 105, ba a yi masa adalci ba idan aka sallame shi da karin magana. Shirin ma'aikatan tarayya shi ne mafi daɗewa a ƙasar, kuma abin da ya tsayar shi jihohi ke kwaikwaya. Idan ya rubuta ƙa'ida mai adalci a Abuja, wata rana za ta iso Katako.